Allon Mai Aski a Kasuwar Duniya: Ina Rabon Mai Zanen Dogon Dutsi?

Motar da ta taso daga Yamai za ta Ƙonni, Maraɗi ko Damagaram, sai ta ratsa Kore Mai Ruwa a gundumar Tibiri kafin ta shiga Dogon Dutsi. Wanda ya zauna bakin wannan titi zai sha kallon zane ba tare da ya biya ko dala ba. Ga bayan manyan motoci ɗauke da zaki ko shaho, furanni sun kewaye shi, an rubuta addu'ar Allah ya kiyaye hanya a ƙasa. Ga allon tela, ga na mai gyaran waya, ga na mai aski.

A dubi na mai askin da kyau. Fallen katako ne aka shafe da farin fenti, aka jera kawuna a kansa, duk suna kallon gefe guda, kowanne da irin askinsa. Mai zanen yakan fara fitar da siffar da alli, ya dama fentin mai a gwangwanin tumatir, ya tsinka shi da ɗan fetur, sannan ya bi layin gashi da siririn buroshi. Wanda bai yi boko ba ya nuna da yatsa, an gane abin da yake so. Aikin allon ke nan, kuma idan rana da ƙurar hunturu suka cinye shi, sai a sake wani.

To irin waɗannan allunan ne aka daɗe ana kwasa daga garuruwan Afirka ta Yamma zuwa gidajen tarihi da shagunan sayar da zane a Turai da Amurka. Kasuwar zanen titi kuwa ba ƙarama ba ce. Jean-Michel Basquiat, wanda ya fara da rubutu a bangayen birnin New York, an sayar da wani zanensa dalar Amurka miliyan 110.5 a 2017, shekara 29 bayan rasuwarsa. Na Banksy ɗan Ingila, wanda ya kekketa kansa a zauren gwanjon Sotheby's a Landan a 2018, an sake sayar da shi fiye da fam miliyan 18 a 2021.

Sai dai labaran da suka fi kusa da mu na Afirka ne. Chéri Samba na Kwango mai zanen allunan talla ne a Kinshasa, ya buɗe shagonsa a 1975. Ya riƙa saka fuskarsa a cikin zanensa, yana rubuta maganarsa da Lingala da Faransanci, ta yadda ba wanda zai raba aikin da mai shi. Da aka nuna zanensa a babban baje kolin Magiciens de la Terre a Paris a 1989, da sunansa ya shiga kasuwa, kuma har yau da shi yake ci. A Gana ma, masu zana tallar finafinai a kan buhunan fulawa cikin shekarun 1980 da 1990 sun rasa aiki da injin bugawa ya yi arha. Waɗanda suka saba sa hannu a aikinsu, su aka nemo daga baya, har wani shago a Chicago, Deadly Prey, yake ba su aikin sababbin zane.

Wanda bai sa suna ba fa? Dillali zai zo ya ga tsohon allo, ya ba mai aski 'yan jikkuna, mai aski ya yi murna ya rabu da ruɓaɓɓen katako. A can ƙasar waje sai a rataye shi ƙarƙashin fitila, a rubuta cewa ba a san mai zanen ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai masu cewa da zarar an ɗauke zanen titi aka kai shi ɗaki mai sanyi, ya mutu. Suna da gaskiyarsu, don allon aski da ba mai nuna shi da yatsa ya zama ado kawai. Amma a ganina wannan ƙorafin masu ƙoshi ne. Abin da ke kashe sana'ar a Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, ba mai saye daga waje ba ne, bana ce ta roba da ake bugawa da kwamfuta: a ɗauko hoto a intanet, a buga cikin yini, fuskokin kuma na wasu mutane ne da ba su taɓa taka kwarin Dallol Mawri ba. Ga kuma malaman da ke ƙyamar zana mai rai, abin da ya sa wasu masu zanen suka koma ga rubutu da furanni zalla.

Alhali abin zanawa ba ya ƙarewa a ƙasar nan. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, 'yar nan ce. Dutsen da garin Dogon Dutsi ya ci sunansa yana nan tsaye. Ga 'yan kokowa, har da Isaka Isaka da ya sha kawo wa jihar Doso takobin gasar kokowa ta ƙasa. Wuraren nunawa ma akwai: gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da cibiyar al'adun da aka mayar wa sunan Mustafa Alasan a 2024, ga Dak'Art a Senegal da Art X a Legas.

Hukumomin garuruwan Dogon Dutsi da Tibiri na iya ba masu zanen gida bangon makaranta, asibiti ko tasha, a biya su, maimakon kullum a aika a bugo bana. Kai kuma mai zane, rubuta sunanka da garinka da shekara a gindin kowane aiki, ka ɗauki hotonsa da wayarka. Idan baƙo ya zo sayen tsohon allo, ka tambaye shi inda zai kai shi kafin ka yanka masa kuɗi.