Abin da ya kayar da ludayin Bappa

A wani ƙauye da ke gaɓar gulbin Rima, kusa da dam ɗin Goronyo, wani dattijo manomin albasa yana shan kunu bayan asuba sai ludayi ya suɓuce masa. Ya buɗe baki zai kira uwargida, magana ta fito a cakuɗe. Kafin a hura garwashin turare ya warware, har ya ɗauki fartanya. Mutanen gida suka ce iskar fadama ce ta shafe shi.

Ɗiyar ƙanensa, ma'aikaciyar jinya, ta iso daga Wurno da hantsi. Ba ta yi musu da kowa ba, tambaya ta shiga yi.

"Inna, wane hannu ne ya saki?"

"Na dama."

"Bakin fa?"

"Ya karkace, yawu na zuba ta dama."

Hannu, baki da harshe duk wuri guda suka nuna mata: ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, wanda ke juya damar jiki, kuma a wurin yawancin mutane shi ke riƙe da magana. Ta soki yatsansa ta auna sukari, domin faɗuwarsa takan zo da irin wannan kama. Daidai yake. Farfaɗiya ma ta cire ta, tunda bai suma ba, bai yi fisge-fisge ba. Da ta ɗaura masa abin awo a damtse kuwa, jini ya hau sosai.

"Bappa, ina maganinka?"

"Na ajiye shi tun girbin shinkafa. Ai na ji sauƙi."

Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi ruɗa gidan: in shanyewar ɓarin jiki ce, me ya sa ta sake shi? Gudan jini ne ya toshe wata jijiyar ƙwaƙwalwa na 'yan mintoci, sannan ya wuce. Gargaɗi ne, kuma babbar shanyewar ta fi biyo baya a kwanaki biyun farko. A ganina warwarewar nan ta fi ciwon haɗari, don ita ke mayar da mutum gona.

Kafin azahar suna kan hanyar Achida zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.  Hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambanta toshewa da fashewar jijiya, shi ya sa ba a ba da asfirin a gida. Allurar narkar da gudan jini kuwa, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon ake yin ta.

Mai karatu, ko a Rabah kake ko a Gandi, in ka ga baki ya karkace, hannu ya saki ko harshe ya yi nauyi, ka riƙe lokacin da abin ya fara. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, yana iya shaƙewa. A yi addu'ar a cikin mota.