Ilimin da ake cewa ya fi ƙarfin talaka

Akwai ra'ayin da ya daɗe a tsakanin masu ilimi, kuma mafi yawan masu riƙe da shi da kyakkyawar niyya suke faɗa. Suna cewa ilimin sarrafa ƙwayoyin halitta, wanda ake sake tsara DNA na bakteriya ko yis domin ya samar da magani ko wani sinadari, ya yi zurfin da bai kamata a kai shi kasuwa ko makarantar firamare ba. Balle a ce ɗaliban da ba su gama digirin farko ba ne za su kai shi. A ganinsu ɗalibi ya zauna ya yi karatunsa, bayani kuma a bar wa farfesoshi, domin guntun ilimi ruɗani yake haifarwa. Ina girmama wannan tsoro, amma ban yarda da hukuncin da aka gina a kansa ba.

An taɓa gwada ko talaka zai iya, kuma sakamakon yana rubuce. A shekarar 1976, Jami'ar Harvard ta so gina ɗakin gwajin haɗa DNA a birnin Kambirij na jihar Masachuset a Amurka. Magajin garin, Alfred Vellucci, ya ƙi amincewa, majalisar birnin ta nemi a dakata da wasu gwaje-gwajen. Sai aka kafa kwamitin mutanen gari, babu ƙwararren masanin DNA ko ɗaya a ciki: akwai ma'aikaciyar jinya, da injiniyan gine-gine, da ɗan kasuwa mai sayar da man ɗumama gidaje. Suka shafe watanni suna sauraron masu goyon baya da masu adawa, suna tambayar duk abin da ya shige musu duhu. A farkon 1977 suka ba da shawarar a ci gaba da binciken bisa sharuɗɗa, birnin kuma ya mai da shawarar doka. Kamfanoni irin su Biogen sun zaɓi garin daga baya, domin ƙa'idarsa a fili take. Mutanen da aka ɗauka ba za su gane ba su ne suka share wa masana hanya.

A wannan gari ne kuma, a jami'ar MIT, aka fara wani ɗan kwas na wata guda a Janairun 2003, wanda ya rikiɗe ya zama gasar iGEM ta ɗalibai masu tsara ƙwayoyin halitta. A 2004 ƙungiyoyi 5 ne suka fafata. Yanzu ɗaruruwa ne daga ƙasashe da dama, kuma tun 2022 a Faris ake babban taron. Alƙalan gasar ba aikin ɗakin gwaji kaɗai suke dubawa ba. Suna tambayar ɗalibai: da wa kuka yi magana a waje, me ya ce muku, me kuka canza saboda maganarsa? Shi ya sa za ka ga ɗalibai a makarantu da gidajen tarihi suna murje ayaba da gishiri da ruwan sabulu, su zuba sifirit mai sanyi, yara su ga farin zaren DNA ya taso da idonsu.

Masu wancan ra'ayi suna ɗaukar fitar ɗalibi tamkar sadakar ilimi ce, daga mai shi zuwa marar shi. A nan nake ganin suka fi yin kuskure. A 2006 ƙungiyar Jami'ar Edinbara ta tsara bakteriya mai nuna alama idan akwai gubar asenik a ruwa, saboda miliyoyin mutanen Bangaladash da ke shan ruwan rijiyoyin burtsatse masu wannan guba. Tunanin ya yi kyau matuƙa. Amma wa zai gaya wa ɗalibi cewa ƙauyen babu firij na ajiye bakteriyar, ko cewa matar da aka ce mata rijiyarta da guba ba ta da wata rijiyar, ko a ina za a zubar da ruwan gwajin bayan an gama? Waɗannan tambayoyi a bakin mai rijiya suke. Ɗalibin da ya ji su yana shekara ashirin zai tsara aikinsa daban har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙuruciyar da ake ganin aibi ce ma tana da amfaninta. Wanda ya fahimci abu bara bai manta inda ya yi tuntuɓe ba, ya san kalmar da ta ruɗa shi. Tsoho kuma yakan tsare yaro da tambayar da zai ji nauyin yi wa farfesa.

Inda na tsaya tare da masu suka shi ne kan yawan alkawari. Ɗalibi mai zumuɗi yakan sayar da mafarki a matsayin abin da ya tabbata, kuma tarihin fannin ya isa ya ja masa kunne. Jay Keasling da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Bakli sun sa yis ya samar da tushen sinadarin atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga tazargade. Kamfanin Sanofi ya fara sarrafa shi a 2013, aka yi ta murna. Sai farashin wanda manoma ke nomawa ya faɗi, na masana'anta ya kasa gogayya da shi, kamfanin ya sayar da masana'antar bayan 'yan shekaru. Ɗalibin da zai ba da labarin insulin ɗin da bakteriya ke samarwa, wanda masu ciwon suga ke amfani da shi tun 1982, wajibi ne ya haɗa da labarin atemisinin. Maganin zumuɗi shi ne malami ya zauna da ɗalibansa kafin su fita, ya tace abin da za su faɗa, ya koya musu furta "ban sani ba" a gaban jama'a.

Mu kuma batun ya riga ya shigo gonakinmu. A 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta samar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku domin ya jure tsutsar maruka, a rage yawan feshi. A shekarar ce kuma aka gyara dokar NBMA, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan ayyuka a Najeriya, ta haɗa da sabbin dabarun gyara da tsara ƙwayoyin halitta. Manomi na da 'yancin karɓar irin ko ƙin sa, amma sai ya san abin da aka sa a ciki, da dalilin sa shi, da gwajin da aka yi. Idan masana suka yi shiru, saƙonnin murya na WhatsApp ne za su yi masa bayani, kuma mun ga abin da rashin yarda ya jawo lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 zuwa 2004. Farfesoshin fannin ba su da yawan da za su zagaya ƙauyuka. Ɗaliban kimiyyar halittu da na aikin gona a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri dubbai ne, suna jin harshen manoman, kuma da yawansu gidajen manoman suke komawa duk hutu.