Injunan Bincike na Intanet: Hikimar Gwada Fiye da Ɗaya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa manazarcin da ya dogara ga injin bincike ɗaya tak, abin da injin nan ya tattaro kaɗai zai gani. Za a duba yadda injunan suke aiki, da ire-irensu, da kuma dabarar leƙen shafi kafin a buɗe shi.

2.0 Yadda Injin Yake Aiki

Injin bincike ba ya zagaya intanet a lokacin da aka yi masa tambaya. Tun da farko yana da manhaja mai bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, tana kwafo abin da ke cikinsu tana zubawa a rumbu. Daga rumbun nan ne yake ɗebo amsa ya jera. AltaVista, wanda ya fito a 1995, ya yi tashe kafin Google ya zo a 1998 da dabarar auna darajar shafi gwargwadon sauran shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi. An rufe AltaVista a 2013.

3.0 Ire-iren Injuna

Ana iya kasa injunan gida biyu. Na farko su ne masu rumbun kansu, kamar Google da Bing da Yandex na Rasha da Baidu na Sin da Mojeek na Ingila. Na biyu kuwa masu aro ne. Alal misali, DuckDuckGo, wanda aka kafa a 2008, yawancin amsoshinsa daga Bing suke. Abin da ya bambanta shi shi ne alkawarin rashin bin sawun mai bincike. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin wanda ya gwada Bing sa'an nan ya gwada DuckDuckGo, tamkar ya tambayi malami ne ya koma ya tambayi almajirinsa. Bai sami shaidu biyu ba.

4.0 Leƙen Shafi

An kuma yi ƙoƙarin nuna amsa a hoto maimakon jerin rubutu. KartOO na Faransa (2001-2010) taswira yake zanawa, mai nuna dangantakar shafuka. Searchme (2008-2009) kuwa hotunan shafukan yake jerawa, mutum yana buɗawa kamar littafi. Google ma ya kawo irin wannan leƙe a 2010, ya janye shi a 2013 saboda ƙarancin masu amfani da shi. A ganinmu, hoto yana bayyana fasalin shafi da yawan tallan da ke cikinsa, amma ba ya bayyana ingancin maganarsa. Wannan sai an karanta.

5.0 Kammalawa

Ga mai nazarin Hausa akwai ƙarin matsala. A wajen kwamfuta, ƙ da k haruffa ne mabambanta, haka ɗ da d, da ɓ da b, alhali marubuta da yawa ba sa sanya ƙugiya. Saboda haka ya kamata a nemi kalma da siffofinta biyu, watau ƙasa da kasa, a injuna aƙalla biyu masu rumbu daban-daban. Kafin ɗalibi ya rubuta cewa ba a taɓa nazarin wani batu ba, wajibi ne ya bi waɗannan matakai, sa'an nan ya leƙa laburare.