Motar Kara da Sunanta a Turancin Littafi

Da an girbe dawa a Kurfi da Dutsin-Ma, yara sun samu jari. Su ɓare kara, su yayyanka totuwar, su sossoke ta da siraran ɓawon har mota ta tashi. 'Yan mata kuwa suna goye da 'yar tsana.

Bature kan kira irin waɗannan toy a hira, amma a littafi wani lokaci sai ya rubuta plaything, wato abin wasa. Kalmar tana da kaifi: har mutum ake kira da ita, idan mai iko yana juya shi yadda ya so.

Ya kamata ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, malaman gobe, su riƙa shiga aji da motar kara idan za su koyar da kalmar.