Abin da ya kamata ku sani: Neman aikin jinga a lokacin da kasuwa ta yi sanyi

Idan kuɗi suka fara ja baya a kamfani ko ƙungiya, wanda yake fara ji a jikinsa shi ne mai aikin jinga: mai fassara, mai zane a kwamfuta, mai gina shafin intanet, mai ɗaukar bidiyo, mai zagaya ƙauyuka yana tattara wa ƙungiyoyin agaji bayanai. Shi ko takardar sallama ba a rubuta masa, kira ne kawai yake ɗaukewa. Ba albashi, ba fansho, ba kuɗin sallama, domin tun farko cinikin aiki guda aka yi da shi, yana gamawa a biya shi a rabu.

Sanyin kasuwar da masu wannan sana'a suke kuka da shi yana da asali. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. Ƙwararrun da suka rasa kujera irin haka, wasunsu kasuwar jinga suka shigo, masu nema suka ƙaru alhali masu bayarwa suna tsuke aljihu. A Nuwamban 2022 ɗin ne kuma manhajar ChatGPT ta fito. Ƙananan ayyukan da sabon shiga yake fara cin abinci da su, irin su rubuta tallan kaya ko fassarar shafi biyu, da yawa yanzu mai ba da aikin yana yi da kansa da wannan manhaja cikin minti biyar, ko da bai yi kyau sosai ba.

A Arewacin Najeriya akwai bugu na daban. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka take bai wa ƙasashen waje, kuma zuwa Yuli aka rufe hukumar USAID. Duk wanda ya san Maiduguri da Yola da Damaturu ya san yawan matasan da suke rayuwa da kwangilar wata uku ko wata shida a ayyukan lafiya da abinci da ilimi. Har direbobi da masu ba da hayar gidaje sun ji.

Kada alƙaluman hukuma su ruɗe ku. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sai ga shi a farkon 2023 ta ce kashi 4.1. Ma'auni ne aka sauya: yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako an lissafa shi cikin masu aiki. Mai fassarar da ya samu shafi uku a wannan makon yana da aiki a takarda, ko da kuɗin bai kai na data ba.

Ga kuma tsadar yin aikin kansa. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, janareta ya zama abin lallaɓawa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Faɗuwar naira, daga wajen 460 a kan dala kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, ta yi wa mai karɓar dala daɗi, shi ya sa kowa ya karkata zuwa shafukan neman aikin jinga a intanet irin su Upwork da Fiverr.

Sai dai a shiga da lissafi. A Fiverr, aikin dala 100 dala 80 ce taka, domin suna cire kashi 20 cikin 100, kuma sabon mai sayarwa sai ya jira kwana 14 kafin ya iya cire kuɗinsa, sannan ga ladan fitarwa ta Payoneer ko banki. A Upwork kuwa neman aikin ma kuɗi ne: ana sayen tikitin da suke kira Connects, kowane ɗaya santi 15 na dala, kuma aiki ɗaya yana cin da yawa. Mai watsa takardar nema iri ɗaya ga aiki hamsin, kuɗinsa yake ƙonawa. Mai ba da aikin yana buɗe akwatinsa ya tarar da masu nema jingim, daga Indiya da Pakistan da Filifin da Kenya, yana karanta layi biyu na farko ya wuce. Idan layukan nan ba su taɓa matsalarsa ba, shi ke nan.

A ganina babban kuskure a irin wannan lokaci shi ne karya farashi. Ana ganin kamar dabara ce, amma kullum akwai wanda zai yi ƙasa da kai, ga na'ura da take yi kusan kyauta. Wanda ya saba biyan ka dubu goma kuma ba zai yarda da dubu talatin ba ranar da kasuwa ta farfaɗo. Idan mai aiki ya ce kuɗinsa kaɗan ne, rage masa yawan aikin, ka bar farashin yadda yake. Tela ba ya ɗinka babbar riga a kuɗin 'yar shara.

Aiki a lokacin ƙunci ya fi zuwa ta hannun wanda ya taɓa gwada ka, domin mai kuɗi kaɗan ba ya son caca da baƙo. Koma kan waɗanda ka yi wa aiki bara da bara waccan, ka gaishe su, ka gaya musu kai tsaye cewa kana da sarari a wata mai zuwa, kuma idan sun san mai buƙata su haɗa ku. Da yawa suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar roƙo ne, alhali talla ce irin ta kowane ɗan kasuwa. Sannan ka tsaya a kan abin da ka fi kowa iyawa. "Ina yin komai" ba ya sa a tuna da mutum. Wanda aka san shi da fassarar saƙon lafiya zuwa Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, ko duba fassarar na'ura ya gyara inda ta yi kwaɓa, shi ake nema da suna. Kada a raina na gida kuma: makarantu masu zaman kansu, asibitoci, 'yan kasuwar Kantin Kwari da suke tallan atamfa a Instagram, duk suna buƙatar hoto da bidiyo da lissafi.

Idan aikin ya samu, a rubuta. Ko a WhatsApp ne, a fayyace mene ne aikin, nawa ne, yaushe za a miƙa, sau nawa za a yi gyara, yaushe za a biya. A karɓi kafin alƙalami, rabi ko sulusi, kafin a taɓa komai. Mai cewa "ai mun zama ɗaya, yi kawai za mu daidaita" shi ne yawanci ake bi wata da watanni. Ranar da kuɗi suka shigo a ware na watan da babu, a kuma tuna da haraji: sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 ta farko a shekara, abin da ya haura kuwa ana biya, ko daga waje kuɗin suka zo.

'Yan damfara sun san an matsu, shi ya sa suke yawa a irin wannan yanayi. Wani zai ce ku koma Telegram ku ƙarasa magana, wani ya ce ka ara masa asusunka na Upwork ya riƙa ba ka kaso, wani ya nemi lambar BVN da lambar sirrin da banki ya turo maka. Mafi yawansu kuwa kuɗin rajista ko na horo suke nema kafin a ba ka aikin. Duk wanda ya ce sai ka biya shi kafin ya ba ka aiki, kada ka tura masa ko sisi, kuma ka sanar da abokan sana'arka lambar da ya kira ka da ita.