Tsohuwar Mota a Hannun Sabon Direba: Ina Aka Kwana Kan Inshora?

A gidaje da yawa, motar da yaro ke fara tuƙawa ita ce wadda uba ya gama yayinta. Wani Fijo 504 ce irin wadda aka haɗa a Kaduna, wani Golf ce 'yar Kwatano, wani kuma Honda da ta sha hanya har fenti ya koɗe. Uba zai miƙa makulli ya ce, "Ka koya da wannan, ko ka buga ba a yi wata asara ba." Lissafinsa a kan motarsa ya tsaya. Bai saka motar da yaron zai buga a ciki ba, balle mai babur, balle ɗan makarantar da ke tsallaka titi.

Ka ɗauka yaron ya zo shataletale da yamma, cunkoso ya yi yawa, ya taka birki motar ba ta tsaya a inda ya zata ba, ta daki bayan wata sabuwar jif. Tsohuwar motar bamba kawai ta lotsa, mai gyaran jikin mota zai buge ta a wuni ɗaya. Jif ɗin kuwa fitilarta ta baya da ƙofar but kaɗai sai su lashe kuɗin da ya kusa na tsohuwar motar gaba ɗayanta. Nan ne za a kira uba a waya, jama'a su taru, a shiga ba da haƙuri da ciniki a bakin titi. Wannan ranar aka yi inshora dominta.

Dokar Najeriya, tun wadda aka kafa a 1945, ta wajabta wa duk mai hawa titi da mota ya mallaki inshorar da ke biyan wanda ya yi wa ɓarna, wadda aka fi sani da "tad-fati". Ba ta gyara motarka, amma tana ɗaukar nauyin dukiyar wani da ka lalata, da rauni ko rai da aka rasa ta sanadinka. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya kan ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda sun fara tsananta bincikenta a faɗin ƙasa ranar 1 ga Fabrairun 2025. Kuɗin ɗaya ne ko motar sabuwa ce ko tsohuwa, ko direban dattijo ne ko saurayi. A Ingila matashin da ya karɓi lasin jiya kan biya inshorar da ta fi kuɗin tsohuwar motarsa, saboda kamfanoni na auna shekarun direba. Mu nan mun samu sauƙi, amma muna wasa da shi.

Wasan kuwa shi ne takardar bogi. Mutum zai ba wani ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasin ya haɗo masa takardun mota, a kawo masa wata takarda mai tambari ya jefa a aljihun mota. Amfaninta bai wuce nuna wa jami'i a shingen bincike ba. Ranar da aka yi haɗari sai a tarar babu kamfanin da ya san da ita. Gane ta ba wuya: ka shiga askniid.org, rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, ka saka lambar motarka. Idan ba ta fito ba, takarda kawai ka saya.

Sai maganar cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motarka da sata da gobara. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Wato motar naira miliyan 2 za ta ci aƙalla 100,000 a shekara. A nan sai an yi lissafi da idon basira, domin kamfani darajar motar a kasuwa yake biya, ba ƙaunar da kake mata ba. Wasu kamfanonin ma ba sa karɓar motar da ta wuce wasu shekaru. Idan motar ta tarihi ce da aka adana ana ji da ita, kamar Marsandi ta da ko 504 da ba ta taɓa canza inji ba, a sa a kimanta ta, a rubuta darajar da aka amince a cikin yarjejeniya tun kafin wani abu ya faru. Gaskiya ma irin wannan ba motar koyo ba ce.

Abin da ya fi jawo wa iyaye asara shi ne ɓoye direba. Uba ya yanki inshora da sunansa alhali ɗansa ne ke tuƙa motar kullum. Inshora yarjejeniya ce da aka gina kan faɗin gaskiya, kuma kamfani na iya ƙin biya idan ya gano an ɓoye masa abin da ya kamata ya sani. Haka idan yaron ba shi da lasin. Doka ba ta ba da lasin sai mutum ya cika shekara 18, ya kuma bi ta makarantar tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta amince da ita. Ka tambayi kamfani dalla-dalla: wa aka yarda ya tuƙa, kuma nawa ne kason da mai mota zai biya daga aljihunsa idan sabon direba ne ya yi haɗarin?

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yi wa motoci. Tsarin taimakekeniya ne: kowa ya zuba gudummawa, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, rarar da ta saura a raba.

Duk da haka, inshora kuɗi take biya, ba ta mayar da rai. Yawancin tsofaffin motocin nan ba su da jakar iska mai tare direba, ba su da birkin zamani mai hana taya ƙamewa. Kafin a ba yaro makulli, bakanike ya duba birki da tayoyi da fitilu da bel.

Iyaye kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma idan ranar ta zo, wanda ya yi tanadi daban yake da wanda zai sayar da fili ya biya ɓarna. Kafin ɗanka ya fita da motar gobe, ɗauko takardar inshorar ka duba ko ta gaske ce.