Yadda masu sha'awar sassaƙa alƙalami ke gogewa a hankali

A Amurka da Birtaniya akwai mutane da dama, ciki har da 'yan fansho da ma'aikatan ofis, waɗanda ke kashe lokacin hutunsu a gareji suna sassaƙa alƙalami da katako. Suna aiki ne da ƙaramin inji mai juya itace da sauri, su kuma su kanga masa wuƙar sassaƙa har ya zama siffar da suke so. Wannan reshe ne na sana'ar juya katako, wadda masu yin ta a Amurka suka kafa babbar ƙungiyarsu a shekarar 1986.

Shiga harkar ba ta da wuya, domin ana sayar da ƙarafan alƙalamin a haɗe. Nau'in da aka fi farawa da shi shi ne Slimline, mai bututun tagulla na milimita 7. Mutum zai samu guntun katako mai tsawon kamar inci 5, ya raba shi biyu, ya huda, ya manna bututun a ciki da gam, sannan ya ɗora a inji. A yini guda sabon shiga zai iya fitar da biro mai rubutu. Sai dai tsakanin biro mai rubutu da biron da za a saya da daraja akwai tafiya mai nisa.

Gwanaye kan fara duba wuri guda idan aka miƙa musu alƙalami, wato mahaɗar katako da ƙarfe. Idan an shafa yatsa aka ji tudu ko kwari, ko da bai kai kaurin takarda ba, an san hannun bai nuna ba tukuna. Mai koyo yakan dogara da wasu zobban ƙarfe da ake sa wa a gefen katakon domin su nuna masa inda zai tsaya. Matsalar ita ce zobban suna cinyewa da samfefa, kuma sandar da ake jera katakon a kai takan lanƙwashe idan an matse ta da yawa, sai alƙalamin ya fito ba a zagaye sosai ba. Daga nan ne masu naci ke komawa ga ma'aunin kauri na dijital, su auna kowane ƙarfe da kansa, wasu ma su ajiye sandar gaba ɗaya su riƙa juya bututun tsakanin tsini biyu na injin.

Wasa wuƙa ma darasi ne da ake jinkirin ɗauka. Dakusasshiyar wuƙa yagar katako take yi, kuma da yake naman itacen da ke saura a kan bututu siriri ne ƙwarai, kuskure kaɗan ya isa ya tarwatsa shi. Da yawa sukan ɗauka injin ne ya gaza, su sayi mai tsada, alhali dutsen wasa ya fi shi amfani a wannan mataki.

Inda aka fi daɗewa ana fama shi ne ƙyalli. Kakin da ake gogawa yana da sauƙi, amma gumin hannu kan dusashe shi cikin ɗan lokaci. Shi ya sa akasari ke komawa ga gam ɗin nan mai kamawa nan take da muke kira sufa gulu, wanda aka fara sayar da shi a 1958. Ana shafa shi siriri-siriri sau da yawa, a bar kowane shafi ya bushe, sannan a goge da samfefa mai laushi daga lamba 1,500 har zuwa 12,000 ta Micro-Mesh. Idan aka yi gaggawa sai ya yi hazo ko ya tsage, a kankare a sake daga farko. Hayaƙinsa yana da yaji a ido da hanci, ƙurar wasu itatuwa kamar kokobolo kuma tana jawo ƙaiƙayi da ciwon ƙirji, don haka takunkumi da na'urar zuƙe ƙura sun zama dole.

Sanin itace shi ma sai a hankali. Ɗanyen katako yakan tsage bayan watanni, mai rauni kuma sai an tsoma shi cikin ruwan roba a tukunyar da aka zuƙe wa iska, a gasa, kafin ya sassaƙu. Akwai kuma batun doka: tun daga 2017 yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin itatuwan dangin Dalbergia tsakanin ƙasashe, kuma kokobolo na cikinsu.

Ƙalilan ne ke kaiwa matakin barin haɗaɗɗun ƙarafa baki ɗaya. Su ke ƙera gangar jiki da murfin alƙalamin tawada daga roba mai tauri, su yanka haƙoran murɗawa da kansu, bakin rubutun kawai suke saye, yawanci daga kamfanonin Jamus irin su Bock da JoWo. A nan kuskuren awo ba muni kaɗai yake jawowa ba: murfi zai ƙi rufuwa, ko tawada ta bushe a baki, ko ta zuba a aljihun wanda ya saya.